Kun ba 'yar Ahidjo kujera, kun hana ubanta kabari a Garwa

Ahmadu Ahidjo ya rasu a Dakar ranar 30 ga Nuwamba 1989. A can aka yi masa sutura, aka kai shi maƙabartar Musulmi ta Yoff, inda ba shi da uwa ba shi da uba. Mutumin da aka haifa a Garwa a 1924, wanda Kamaru ta sami 'yanci a hannunsa ranar 1 ga Janairu 1960, ya kuma mulke ta shekara 22, yau fiye da shekara 35 yana kwance a ƙasar Sanagal. Matarsa Germaine ta zauna a Dakar tana jiran ranar da gwamnati za ta aiko a ɗauki mijinta da girmamawar da ta dace da shi. Ta jira har ajali ya riske ta ranar 20 ga Afrilu 2021, aka binne ta kusa da shi. A tsakanin nan kuwa gwamnatin da ta ƙi karɓar gawar uban ta karɓi 'yar autarsa, Aminatu, hannu bibbiyu, ta ɗinka mata kayan jam'iyya, ta ba ta kujera a Yawunde. Wannan abu ya daɗe yana ci mini rai, kuma abin da ya fi ƙona mini zuciya shi ne yadda mu mutanen Garwa muka saba da shi har ya daina ba mu kunya.

In aka ce 'yar shugaban ƙasa, abin da ke zuwa ran mutane shi ne jin daɗi: mota da direba, dogarai a ƙofa, karatu a Turai. Haka 'ya'yan Ahidjo mata uku, Babette da A'ishatu da Aminatu, suka tashi, babu musu. Sai dai duniyar ta juya musu baya cikin ƙanƙanen lokaci. Ranar 4 ga Nuwamba 1982 ubansu ya yi jawabi ya ce ya ajiye mulki. Bayan kwana biyu ya miƙa wa firaministansa Paul Biya, wanda shi da kansa ya rene shi a ofis, ya ɗaga shi daga muƙami zuwa muƙami. Ba a cika shekara ba suka ɓata. A watan Yuli na 1983 Ahidjo ya bar ƙasar, bai sake taka ta ba. A Fabrairun 1984 kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa ba ya nan, daga baya aka mayar da shi ɗaurin rai da rai. Ranar 6 ga Afrilu 1984 wasu sojojin rundunar tsaron fadar shugaban ƙasa, akasarinsu 'yan Arewa, suka yi yunƙurin juyin mulki, bai yi nasara ba. Daga ranar nan sunan Ahidjo ya zama abin da ake faɗa da raɗa. Aka sauke hotunansa. Waɗanda jiya suke layi a ƙofar gidansa suka rantse ba su san shi ba. 'Yan matan da suka tashi a fada suka wayi gari baƙi a ƙasar mutane, suna zaune cikin alfarmar Shugaba Abdu Diouf na Sanagal.

Na kawo wannan ne don kada wani ya ce ban san abin da Aminatu ta sha ba. Ta ga ubanta ya mutu cikin baƙin ciki da kewar gida. Ta shekara wajen talatin ba ta da ƙasar da za ta kira tata da cikakken baki. Duk wanda ya taɓa zaman baƙunci, ko da na fatauci ne a Yola ko Injamena, ya san yadda gida ke kiran mutum da dare. Ba na ganin laifinta don ta so dawowa. Kamaru ƙasarta ce, Garwa garin ubanta ne, babu wanda ya isa ya ce sai ta nemi izni.

Yadda aka dawo da ita ne abin takaici. A watan Satumba na 2013, ana saura 'yan makonni a yi zaɓen 'yan majalisa da na ƙananan hukumomi na ranar 30 ga watan, sai ga Aminatu Ahidjo ta shiga RDPC, jam'iyyar mutumin da kotunsa ta yanke wa ubanta hukuncin kisa. Aka kawo ta Arewa, aka hau da ita dandamali, aka ba ta lasifika ta roƙi jama'a su zaɓi jam'iyyar Biya. A 2016 aka naɗa ta shugabar hukumar gudanarwa ta Palais des Congrès, babban zauren taron nan na Yawunde da 'yan Sin suka gina, wanda ubanta da kansa ya buɗe a 1982. Ɗan'uwanta Muhammadu Badjika, shi kuma, tun 2011 an ba shi muƙamin jakada na musamman. Mutane da yawa a Garwa sun ɗauka wannan share fage ne. Tsofaffi suka ce to, tunda an sulhunta da 'ya'ya, ai saura kaɗan a ɗauko uban. Shekara ta zo ta wuce, wani zaɓen ya zo ya wuce, tsohuwa ta mutu a Dakar tana jira, kabari yana nan inda yake.

Gwamnatin Yawunde ta san abin da take yi. Ta san darajar sunan Ahidjo a Arewa, ta kuma san farashinsa a akwatin zaɓe. Ba ta manta da Maris na 1992 ba, lokacin da jam'iyyar UNDP, wadda jama'a suka ɗauka magajiyar Ahidjo ce, ta kwashe kujeru 68 cikin 180 na majalisar dokoki, da yawansu daga jihohin Arewa uku. Tun daga nan dabararsu ɗaya ce: a yi amfani da sunan, a hana mai sunan dawowa. 'Ya mai rai ana iya sa mata zane mai hoton shugaba, a rubuta mata abin da za ta faɗa, a mayar da ita ofis in an gama. Gawa ba ta sa zanen jam'iyya. Ranar da jirgi ya sauka da Ahidjo a filin jirgin saman Garwa, mutane za su taho daga Marwa da Ngaundare da Gidar da Rai Buba, har daga Yola da Mubi, su cika gari maƙil, kuma kowa zai ga bambancin taron da aka yi hayarsa da taron da ya kawo kansa. Abin da suke tsoro ke nan. Tsoho mai shekara fiye da 90, mai sojoji da jandarmomi da baitulmali a hannu, yana tsoron ƙasusuwan wanda ya ba shi mulki.

A watan Oktoba na 2007 gidan talabijin na France 24 ya tambayi Paul Biya wannan magana. Amsarsa ita ce dawo da gawar lamari ne na iyali, in sun so su dawo da ita shi ba ya hanawa. Wannan amsa raini ce. Iyali ne suka yanke masa hukuncin kisa? Iyali ne suka hana shi dawowa da ransa? Hukuma ce ta kore shi, da kotunta da hatiminta, saboda haka hukuma ce za ta dawo da shi da tutarta. Abin da Germaine ta tsaya a kai ke nan har ta koma ga Mahaliccinta, kuma tana da gaskiya. Ba za a shigo da shugaban ƙasa na farko a ɓoye da tsakar dare ba, kamar kayan fasa-ƙwauri da aka tsallako da su ta Binuwai. Dokar da majalisa ta yi ranar 16 ga Disamba 1991 ta wanke sunansa, ta sa shi cikin manyan mutanen tarihin ƙasa. Wani babban filin ƙwallo a Yawunde sunansa yake ɗauke da shi. A 2009 har an yi ta yaɗa cewa an daidaita, za a dawo da shi a 2010, shekarar bikin cika 50 da samun 'yanci. Aka yi bikin, aka ci aka sha, aka yi fareti, wanda ya karɓo 'yancin yana Yoff.

Kada a ce mana abin wuya ne. Isa Hayatu, ɗan gidan sarautar Garwa da ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka daga 1988 zuwa 2017, ya rasu a Faris a watan Agusta na 2024. Cikin 'yan kwanaki aka kawo shi gida, manyan gwamnati suka halarta, aka binne shi a Garwa cikin danginsa. Allah ya jiƙansa, ya cancanta. Ashe dai ana iya ɗauko gawa daga wata ƙasa a sauke ta a garin nan in an ga dama. Sojojin Gana da suka gaji waɗanda suka kifar da Kwame Nkrumah sun karɓo gawarsa daga Gini a 1972, shekarar da ya rasu, suka kai shi ƙauyensu Nkroful. Mu kuwa muna ƙirga shekaru.

Akwai masu cewa Musulmi inda ya mutu nan ake binne shi, ƙasa duk ta Allah ce, a bar bawan Allah ya huta. Ina girmama wannan magana in ta fito daga bakin malami mai tsoron Allah, kuma gaskiya ne addu'a tana isa Dakar kamar yadda take isa maƙabartar unguwarmu. Amma malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun halatta a ɗauke mamaci daga wani wuri zuwa wani in akwai maslaha, kamar a kai shi cikin danginsa, muddin ba za a keta alfarmarsa ba. In iyalinsa da malamai suka zauna suka ce a bar shi can, wannan shawararsu ce, kowa zai bi. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne ɗan siyasar da bai taɓa tuna hukuncin Allah a kan dukiyar jama'a ba ya zo ya fake da fiƙihu don ya rufe tsoron maigidansa.

Ba kuma ina cewa Ahidjo waliyyi ne ba. Ba zan yi wa masu karatu wannan ƙaryar ba. Ya yi mulki da hannun ƙarfe. A 1966 ya haɗe jam'iyyu ya bar guda ɗaya tilo. Gidan yarin Collire, a nan Arewa, a zamaninsa ya yi ƙaurin suna, mutane sun shiga ba su fito ba. A zamaninsa aka ɗaure Ernest Ouandié aka harbe shi a bainar jama'a a Bafusam ranar 15 ga Janairu 1971. A zamaninsa ɗan leƙen asirin Faransa ya sa wa Félix Moumié guba a Janeba a 1960, aka binne shi a Konakiri, shi ma bai dawo gida ba. Waɗannan mutane suna da 'ya'ya, kuma hawayensu bai fi na 'ya'yan Ahidjo arha ba. Ɗan Arewan da ke kukan Yoff amma ya toshe kunne in an ambaci Bafusam, kukansa na ƙabilanci ne. Ni abin da nake nema shi ne ƙasa ta tattaro matattunta gaba ɗaya, wanda ya yi zalunci da wanda aka zalunta, ta binne su a gida, sa'an nan a zauna a faɗi gaskiyar abin da kowa ya aikata. Muguwar al'adar jefar da gawar abokin gaba Ahidjo bai tsira daga laifin dasa ta ba, Biya kuma ya shayar da ita har ta yi rassa.

Zan yi magana da Aminatu kai tsaye, da ladabin da ya kamaci 'yar babban gida. 'Yar'uwa, kin san labarin Juliana Lumumba. An kashe ubanta a 1961, aka narkar da gawarsa, babu abin da ya rage sai haƙori ɗaya a hannun wani ɗan sandan Beljiyam. A 2020 ta rubuta wa sarkin Beljiyam wasiƙa a fili tana neman abin da ya saura na mahaifinta. A watan Yuni na 2022 aka miƙa wa iyalinsu haƙorin nan, aka kai shi Kinshasa da girmamawar ƙasa. Ba ta da soja, ba ta da kujera, sunan ubanta kawai ta riƙe ta ƙi saki. Samiya Nkrumah ta dawo Gana bayan dogon zaman waje, ta shiga jam'iyyar da ke ɗauke da tutar ubanta, ta tsaya takara a Jomoro a 2008, talakawa suka zaɓe ta. Ke kuma da kika dawo, kina riƙe da abin da gwamnati ke matuƙar buƙata, me ya hana ki ce ga sharaɗina? Me ya hana ki ce ba zan hau dandamali ba sai jirgi ya tashi zuwa Dakar? Sunan da kika kai musu ba naki ba ne ke kaɗai. Akwai haƙƙin mahaifiyarki a ciki, akwai na mutanen da aka ɗaure ko aka kashe don kawai an ce su na Ahidjo ne. Ban san abin da ke zuciyarki ba, Allah ne ya sani, amma abin da ido ya gani shi ne sun karɓi sunan sun biya da ofis.

Duk da haka, fushina a kanta kaɗan ne in aka gwada da wanda nake yi da manyan mazan Arewa. Ita mace ɗaya ce da gudun hijira ya gajiyar. Su fa? Bello Buba Maigari, firaministan farko na Biya, wanda ya yi gudun hijira a Najeriya ya dawo jama'a suka tarbe shi da sunan Ahidjo a bakinsu, ya shiga gwamnati a ƙarshen 1997, bai fito ba sai 2025. Isa Ciroma Bakari, ɗan Garwa, wanda ya sha ɗaurin shekaru bayan Afrilun 1984, ya zama ministan watsa labarai daga 2009 zuwa 2019, bakinsa ne ke kare duk abin da gwamnati ta yi. Marafa Hamidu Yaya, shi ma ɗan Garwa, ya riƙe babban sakataren fadar shugaban ƙasa, ya riƙe ministan cikin gida, kafin a kama shi a 2012 a kulle. Kavaye Yegiye Jibril ya shugabanci majalisar dokoki fiye da shekara 30. Ga lamiɓe, ga sanatoci, ga janar-janar. Duk wannan taron manya, a ce an rasa waɗanda za su haɗa kai su ce ba za mu kawo ƙuri'ar Arewa ba sai an biya wannan bashi? Kowane zaɓe ana lissafin cewa jihohin Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa su ne rumbun ƙuri'a. An san da haka a Yawunde, su ma sun sani. Suka sayar da rumbun a kan kujerun kansu, shekara bayan shekara, wasu kuma ba su tuna da zaluncin ba sai da ya iso kansu.

Ita ma ɗaya 'yar shugaban, ta gidan da ke mulki yanzu, labarinta ba na farin ciki ba ne. Brenda Biya ta tashi ne tsakanin fadar shugaban ƙasa ta Etudi da manyan otal na Turai. Wani binciken 'yan jarida na ƙungiyar OCCRP da aka wallafa a 2018 ya ƙirga cewa ubanta ya yi aƙalla kwana 1,645 a tafiye-tafiyen ƙashin kansa a waje tun hawansa mulki, wato shekara huɗu da rabi, mafi yawa a otal ɗin InterContinental na Janeba, suka kuma ƙiyasta kuɗin otal kaɗai ya kai dala miliyan 65. Janeba, garin da aka sa wa Moumié guba. A cikin wannan daula yarinyar ta girma, da kuɗin auduga da man fetur da koko na talakawan da ba ta san garuruwansu ba. A watan Satumba na 2025, ana daf da zaɓe, sai ga ta a TikTok tana cewa kada a zaɓi mahaifinta, tana kukan abin da ta ce danginta na yi mata. Bayan 'yan kwanaki ta fito ta janye, ta ba da haƙuri. Mutane suka yi ta dariya suna tura bidiyon a waya. Ni ban ga abin dariya ba. Na ga yarinyar da ba ta kai shekara 30 ba, ga dukiya har wuya, amma babu wanda za ta kai wa kuka sai baƙin fuska a intanet. Gidan da ya kasa riƙe 'yarsa ɗaya shi ne yake riƙe da 'ya'yan mutum kusan miliyan 30.

Sai kuma 'ya'yan da babu mai ɗaukarsu a talabijin. Bayan yunƙurin Afrilun 1984 an kafa kotunan soja cikin gaggawa, aka harbe mutane gommai a Mbalmayo da Mfu, sojoji da farar hula, ciki har da Isa Adum, shugaban hukumar ba manoma rance ta FONADER. Aka zuba su a ramuka, ba a ba iyalansu gawa ba. Da yawansu 'yan Arewa ne, sun bar mata da ƙananan yara a barikoki, aka kore su suka dawo gida da ƙullin kaya. 'Yan matan da aka bari a goye a lokacin yau sun haura shekara 40, wasu sun yi jikoki. Suna nan cikinmu a unguwannin Garwa da Marwa, suna tuya ƙosai, suna koyarwa, suna zaman aure. An yi dokar afuwa a 1991, amma babu wanda ya zo ya kama hannunsu ya ce ga inda ubanku yake. 'Yar Ahidjo ko ba komai ta san kabarin da za ta tsaya a kai ta yi addu'a. Su ko wannan ba su samu ba, kuma babu wanda ya ba su kujerar hukumar gudanarwa don su yi shiru. Shirunsu kyauta aka same shi, da tsoro.

Ga kuma sauran 'yan matan Arewa, waɗanda iyayensu ba su taɓa riƙe bindiga ko muƙami ba. Ƙididdigar da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi a 2014 ta nuna mutum 74 cikin 100 a Arewa Mai Nisa matalauta ne, a jihar Arewa kusan 68, alhali a ƙasa baki ɗaya abin bai kai 38 ba. Ba 'yan adawa suka faɗa ba, gwamnati ce da bakinta. Madatsar Lagdo tana nan kusa da mu tun 1982, amma yarinya a Garwa da fitilar waya take bitar karatu, cikin zafin Maris da Afrilu da ke hana barci. Layin dogo ya tsaya a Ngaundare tun 1974, bai ƙara taku ɗaya ba. Tashar jiragen ruwan Binuwai da ta ciyar da kakanninmu yashi ya cinye ta. Mai naƙuda da aka ɗauko a hanyar Mora zuwa Kusuri sai dai a yi mata addu'a. A Kolofata da Fotokol yara mata sun tashi ba su san dare ba tare da fargabar Boko Haram ba, a wajen Tuboro masu garkuwa da mutane sun talauta makiyaya. An gyara filin ƙwallo na Rumde Ajiya don gasar Afirka ta 2022, baƙi suka zo suka yaba suka tafi, aka kafa jami'ar Garwa a shekarar, mun gode, amma shekara 40 aka yi kafin a tuna garin shugaban ƙasa na farko ya cancanci jami'a. In an ɗauki 'yar babban gida ɗaya aka ba ta ofis mai sanyi, sai a ce da mu an tuna da Arewa. Dubban da ke tallan gyaɗa a tasha lokacin da ya kamata suna aji, su 'ya'yan wace ƙasa ce?

Abin da ya faru bayan zaɓen 12 ga Oktoba 2025 ya nuna haƙurin ya kusa ƙarewa. Matasan Garwa suka kewaye gidan Isa Ciroma, wanda ya tsaya takara da Biya, suna gadinsa dare da rana. Ba don sun manta shekarun da ya yi yana kare gwamnati suka yi haka ba, sun gaji ne har duk wanda ya juya wa Etudi baya ya zama nasu. A cikin tarzomar kwanakin nan harsashi ya kashe wata malamar makaranta a garin nan, 'yar talakawa, mai koyar da 'ya'yan talakawa. Ranar 27 ga wata majalisar tsarin mulki ta ce Biya ya ci da kashi 53.66, Ciroma yana da 35.19. Aka sake harbe-harbe, aka kwashi matasa, Ciroma ya tsallake ya ƙare a Gambiya. Wani ɗan Garwa ke nan kuma a gudun hijira a bakin tekun yamma, tafiyar 'yan sa'o'i daga Yoff. Ranar 6 ga Nuwamba, ranar da ta yi daidai da wadda Ahidjo ya miƙa masa mulki shekara 43 da suka wuce, Paul Biya ya sake rantsuwa karo na takwas yana da shekara 92. Malamar nan ita ma 'yar wani ce. Ubanta bai yi mulki ba, shi ya sa babu wanda zai ba danginta komai.

Iyayenmu lamiɓe, Allah ya ja zamaninku, ku ake kira fada in zaɓe ya matso, ku ake ɗauka hoto da ku. Ku faɗi wannan magana a gaban mai ita, da bakinku, ba ta hannun ɗan aike ba. 'Yan majalisar da Binuwai da Diyamare da Vina suka tura Yawunde, ko na wace jam'iyya ne, ku kawo ƙuduri a zauren majalisa: gwamnati ta ɗauki nauyin dawo da Ahmadu Ahidjo da matarsa da jana'izar ƙasa in iyalinsu sun amince, ta nemi abin da ya rage na Moumié, ta wallafa sunayen duk waɗanda aka harbe a 1984, ta nuna wa 'ya'yansu ramukan da aka zuba su. In an ƙi ƙudurin, a ƙi shi a fili, mu san wanda ya ɗaga hannu da wanda ya sunkuyar da kai. Aminatu, har yanzu bakinki yana da nauyin da na dubunmu ba shi da shi. Ki fito ki nemi wannan a bainar jama'a, ki haɗa da marayun Mbalmayo a cikin roƙonki, ko da zai jawo miki asarar duk abin da aka ba ki.

Mu kuma talakawa, duk ɗan takarar da ya sake zuwa ƙofarmu da buhun shinkafa da zane mai hoto, ya buɗe baki ya ambaci Ahidjo don ya motsa mana zuciya, mu tsayar da shi mu tambaye shi abin da ya yi a kan kabarin nan da kaburburan 1984 tun ranar da ya fara cin albashin gwamnati. In ba shi da amsa, ya ɗauki shinkafarsa ya ƙara gaba.